Ganyen Miya a Tsakar Gida: Amsar Tambayoyin Manoma

Wata uwargida daga Bichi ta aiko da tambaya cewa ma'aikatan lafiya sun ce su riƙa ba yara ganye kullum, alhali kayan miya sun yi tsada, maigidanta kuma gero da wake kawai yake nomawa, ba su da fadama. Me za ta yi?

Hajiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kowace rana, amma ba ta ce sai kabeji da karas na kasuwa ba. Zogale, alayyahu, rama, yakuwa, lalo da kuka duk suna cikin lissafi, kuma yawancinsu ba sa buƙatar fadama. Ki sami tsohon buhun hatsi, ki cika shi da ƙasa haɗe da takin gida wanda ya ruɓe sosai, ki huda gindinsa domin ruwa ya riƙa tsiyayewa, sannan ki yafa irin alayyahu a sama. Cikin mako uku zuwa huɗu za ki fara yanka. Ruwan alwala da na wankin hatsi sun isa ban ruwa, sai dai ki guji mai sabulu. Zogale kuwa a dasa shi a gefen katanga, a datse kansa idan ya kai ƙirjin mutum, domin ya yi rassa maimakon ya miƙe sama inda hannu ba ya kaiwa. Babban abokin gabarki a nan akuya ce, saboda haka shinge ya riga shuka.

A ganina, asarar da ake yi a tukunya ta fi wadda ake yi a gona. Ana dafa ganye har ya yi laushi fiye da kima, a tsiyaye ruwan a zubar, a kuma zuba kanwa da yawa, alhali doguwar dahuwa da kanwa suna lalata bitamin C da wasu daga cikin bitamin B. Ki sa ganye a ƙarshen girki, da ruwa kaɗan. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa abinci ne da iyayenmu suka dace a kansa, domin sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A sai da maiƙo yake shiga jiki yadda ya kamata. Idan kika matsa lemon tsami ko kika yanka ɗanyen tumatir a kai, jiki zai fi ɗaukar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Shayi kuwa yana rage hakan, don haka kada a sha shi tare da abinci.

Wani manomin rani daga Kura ya tambayi yadda zai adana kayan miya zuwa damina, lokacin da tumatir ke tsada.

Malam, tumatir da kuɓewa a yanka su a shanya a rana, a kan tabarma mai tsabta da aka ɗora bisa rumfa, ba a ƙasa ko bakin titi ba, inda ƙura da dabbobi ke bi. Ganye kuwa a inuwa mai iska ake shanya shi, domin rana tana kashe korensa tare da amfaninsa. Idan ya bushe har yana karyewa a hannu, a zuba shi a mazubi mai murfi, nesa da danshi.

Tambaya ta ƙarshe a kan feshi ce: ko za a iya fesa maganin ƙwarin wake a kan alayyahu?

Kada a yi haka, domin ganyen da ake yanka kowane mako ba ya samun kwanakin jira tsakanin feshi da yanka da aka rubuta a jikin kwalbar maganin. A tsince tsutsa da hannu, ko a jiƙa dakakken ƙwallon darbejiya ya kwana, a tace, a fesa da yamma, sannan a wanke ganyen sosai kafin a dafa.