Yadda Amurka ta samu sansanin Guantanamo a ƙasar Kuba

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa Amurka ke riƙe da sansanin soja a Guantanamo alhali ba ta ga maciji da gwamnatin Kuba. Asalin lamarin yana komawa ne ga yaƙin da ta gwabza da Sifaniya, mai mulkin mallakar Kuba a lokacin, a 1898, wanda bayansa sojojin Amurka suka zauna a tsibirin Kuba har zuwa 1902. Kafin su janye, Amurka ta tilasta wa 'yan Kuba sanya wasu sharuɗɗa cikin tsarin mulkinsu, waɗanda aka sani da gyaran Platt, da suka ba ta ikon tsoma baki a harkokinsu da kuma samun filin kafa sansanin jiragen ruwa. A kan haka aka sa hannu a yarjejeniyar haya ta 1903, a kan dala 2,000 na zinariya kowace shekara. A ganina, kiran wannan abu haya akwai ƙarfin hali, domin mai gida bai da bakin cewa a'a lokacin da aka ƙulla ta.

A 1934 aka soke gyaran Platt, amma aka bar hayar da sharaɗin cewa ba za ta ƙare ba sai ɓangarorin biyu sun amince, ko kuma Amurka ta tashi da kanta. Shi ya sa bayan juyin juya halin 1959 gwamnatin Fidel Castro ta daina karɓar kuɗin, tana kallon zaman a matsayin mamaya. A Janairun 2002 kuma Amurka ta buɗe gidan yarin tsare waɗanda take zargi da ta'addanci a sansanin, wanda ya sa sunan wurin ya karaɗe duniya.