Wai da gaske teku ta taɓa kwanciya a Sakkwato?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, don Allah yayana direban tirela ne yana ɗauko siminti daga Sakkwato, sai ya kawo mana wani farin dutse mai siffar katantanwa sak har da murɗinta, wai an ce masa dodon koɗin teku ne ya zama dutse. Ni dai ban yarda ba, ina Sakkwato ina teku? In kuma gaske ne, za a samu irinsa a bakin kogin Kaduna? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba a yi wa yayanki ƙarya ba. Wajen shekara miliyan 60 da suka wuce wani reshen teku mara zurfi ya ratso yankin da Sahara take yanzu, ta Mali da Nijar har ya kwanta a ƙasar Sakkwato, kuma dutsen nan na Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, da ake fasawa a yi siminti ai tarin ɓawon halittun wannan ruwan ne suka danƙare.

Yadda abin yake, dodon koɗi ya mutu, laka ta cika cikin katantanwar ta sandare, da daɗewa ɓawon ya narke sai cikon ya rage da siffar, kamar dai yadda ake buga bulo a cire ma'aunin. Mai yiwuwa cikon ne a hannunku, shi ya sa ba ya sheƙi.

Da yawan irinsu sun ƙare a duniya gaba ɗaya, kuma wasu ba ƙanana ba ne fa. Akwai wani dodon koɗin teku mai suna Campanile giganteum da ake tonowa a Faransa, wani masanin halittu Bafaranshe mai suna Lamarck ne ya yi bayaninsa a 1804, tsawon katantanwarsa na wuce rabin mita, danginsa guda ɗaya tak ya rage da rai a tekun kudu maso yammacin Ostireliya.

Maganar Kaduna kuwa kada ki wahal da kanki. Duwatsunmu irin na Kufena da Kajuru daga narkakken dutse suka samo asali, ba sa adana irin wannan, katantanwar da kike gani a bakin kogi ta ruwan daɗi ce ta jiya-jiya. In kina son sanin ainihin nau'in naku, ki kai shi sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, amma ki fara tambayar yayan naki daidai inda aka tsinto shi, don abin da za su fara tambayarki ke nan.