Kwafi na biyu a gajimare: ya dace?

Malam, ka tambaya ko akwai amfanin tura kwafin bayanan sabar ofishinku (kwamfutar da ke riƙe da fayilolin ofis) zuwa gajimare, wato ma'ajiyar wani kamfani da ake kaiwa ta intanet, alhali kana da faifan ajiya a ɗaki ɗaya da ita. Akwai ƙwarai. Gobara ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya ishe su duka biyun. A watan Maris na 2021 cibiyar ajiye bayanai ta kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa ta kama da wuta, wasu da ajiyarsu ke wuri ɗaya da sabarsu suka wayi gari hannu rabbana.

Ni dai restic nake amfani da shi, wata manhajar yin kwafin ajiya, ina turawa Backblaze B2, wata ma'ajiyar gajimare. Shi restic yana kulle bayanan da kalmar sirri tun kafin su bar injinka, kuma abin da ya canza kaɗai yake aikawa. Turin farko ne mai cin rai da cin data, ka bar shi ya kwana yana tafiya. Kalmar sirrin kuwa, rubuta ta a takarda ka ɓoye. In ta ɓata, babu mai buɗe maka.

Ka guji manhajar da ke daidaita fayiloli kai tsaye, domin in ka goge a nan, can ma ya tafi. Duk wata ka sauko da fayil guda ka ga ko yana buɗuwa.