Kayan gyaran gashi marasa tara shara: abin da za ki duba kafin ki saya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce robobin shamfu da ledojin man gashi sun cika miki banɗaki, kina neman kayan da ba sa tara shara kuma ba sa cutar da muhalli. Kin ce kin daina sa rilaksa, kitso kike yi duk sati biyu, ruwan burtsatse kuke wanka da shi. Kin kyauta da kika faɗi ruwan, don rabin amsar a wurinsa take.

Da farko kada ki zubar da abin da kike da shi don ki sayo sabo mai hoton ganye a jiki. Ki ƙarar da shi tukuna. Mai kitson sati biyu abu huɗu kawai take buƙata: abin wanki, abin da zai sa santsi a lokacin tsifa da taza, ruwan ɗauraya mai ɗan tsami, da mai guda ɗaya. Yawancin robobin da ke taruwa ba waɗannan ba ne, kayan da aka saya ne don an gani a TikTok, aka shafa sau biyu aka ajiye.

Rubutun gaban kwalba talla ne. Kowa na iya buga kalmar "natural" ko "organic" a jikin robarsa. Ki juya bayanta ki karanta jerin sinadaran, domin ana jera su ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci. A shamfu na ruwa za ki ga Aqua ne a farko, wato ruwa, kuma shi ne kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na abin da kika biya. In man da aka zana a gaba, argan ne ko zaitun, ya zo can ƙasa bayan Parfum, wato turare, to ɗigo ne aka sa don a samu abin rubutawa. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Sai sinadarai biyu da ya kamata ki gane. Cyclopentasiloxane wani nau'in silikon ne da ke daɗewa a ruwa bai ruɓe ba, shi ya sa tun 2020 Tarayyar Turai ta taƙaita shi zuwa ƙasa da kashi 0.1 a kayan da ake ɗaurayewa. Polyethylene kuwa, in kin gan shi a abin goge fatar kai mai 'yan ƙwayoyi, roba ce aka niƙa. Amurka ta yi dokar hana irin waɗannan ƙwayoyi a 2015.

Batun mazubi, abin tambaya shi ne wa zai ɗauke shi a unguwarku, ba abin da kamfani ya rubuta ba. Ki kifa robar ki ga lambar da ke cikin alamar kusurwa uku. Lamba 1 da lamba 2 su ne 'yan gwangwan suka fi saye, a ɗauraye a cire murfi a tara musu. Kan famfo da ake dannawa yana da ƙarfe a ciki da roba iri-iri, ba ya sarrafuwa, gara mai murfin murɗawa. Mafi muni ita ce 'yar ledar shamfu ta wanki ɗaya. Shimfiɗa-shimfiɗa ce ta roba, sau da yawa har da alminiyam, an manne su ba sa rabuwa, babu mai saye, ƙarshenta kwata ko wuta. Ga shi in kin lissafa kuɗin lita, ta fi babbar roba tsada. Akwai kuma robar da ake cewa tana ruɓewa da kanta: yawancinta sai a masana'antar taki mai zafin kusan digiri 60 take ruɓewa, a bola zama take yi kamar sauran. Gwangwani da kwalbar gilashi sun fi, in dai za ki riƙa sake cika su.

Yanzu ga abin wanki, inda aka fi samun matsala.

Sabulun salo yana da kyau ta fuskar shara: ana yanko miki a kasuwa, kina iya zuwa da mazubinki. Da tokar ɓawon ayaba ko ɓawon koko ake yin sa, haɗe da man ƙwarar manja ko man kaɗanya. Amma sabulu ne, kuma kowane sabulu yana tsakanin 9 da 10 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kaifin abu, alhali fatar kai tana wajen 5.5. Wannan kaifin yana buɗe ɓawon da ke lulluɓe da silin gashi, sai gashin ya yi kaushi, ya harɗe, mataji ya riƙa karya shi. Sannan ga ruwanki. Ruwan burtsatse da na rijiya a wurare da dama suna ɗauke da sinadarin kalsiyam da magniziyam. In suka haɗu da sabulu sai su zama wani farin danƙo da ke manne wa gashi, irin wanda kike gani a bakin bokitin wanka. Shi ne ke sa mace ta wanke kai tas amma ta ji shi yana danƙo, in ya bushe ta ga fari-fari a mataji ta ɗauka amosani ne.

Ki gwada ruwanku: zuba rabin kwalba, jefa ɗan gutsuren sabulu, girgiza. In kumfa ta tashi ta tsaya, lafiya lau. In ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara, kumfar kuma ta mutu nan take, sabulu zai wahalar da ke. A damina ki tari ruwan sama don wankin kai, ba ya wannan.

In za ki yi amfani da sabulun salo, kada ki goga shi kai tsaye a gashi, akwai ɓurɓushin toka da ke karce fata. Ki marmasa kamar cokali 2 babba a kofi 1 na ruwan ɗumi, ki bari ya narke, ki tace da tsumma mai laushi, ki sa ƙaramin cokali 1 na mai. Ki raba gashin gida huɗu ko shida, ki zuba a fatar kai, ki murza da tsokar yatsu ba da farce ba, kumfar da ta gangaro ta isa ta wanke tsawon gashin. Bayan kin ɗauraye, dole ki bi da ruwan tsami: khal cokali 1 babba a rabin lita na ruwa, ko rabin lemon tsami a lita 1, ko ruwan jiƙaƙƙiyar tsamiya da aka tace sosai aka sirka har tsaminsa ya yi sanyi. Ki bar shi minti 2 ki ɗauraye sama-sama. Shi ke kwantar da ɓawon gashin ya kuma narkar da danƙon. Masu cewa sabulun salo ya cinye musu gashi, in ka bincika, wannan matakin suka tsallake. Kanwa, bakin soda da omo kuwa ba kayan kai ba ne, duk wanda ya ba ki wannan shawara ki bar masa abinsa.

Akwai shamfu na dunƙule da ake sayarwa a kwali, kuma iri biyu ne, ko da yake a ido duk ɗaya suke. In jerin ya fara da sodium olivate, sodium cocoate ko sodium palmate, sabulu ne, duk abin da na faɗa a sama ya hau kansa. In kin ga sodium cocoyl isethionate, wannan shamfu ne na gaske da aka cire wa ruwa, kaifinsa ya yi kusa da na fata, kuma ba ya yin danƙo da ruwan burtsatse. A ganina shi ya fi dacewa da ke, in kin samu a farashin da ba zai ƙona aljihu ba. Sai dai ki ajiye shi a abin da ke tsiyayar da ruwa, nesa da inda ake watsa ruwa, in ba haka ba zai narke a banza kafin wata ya ƙare. In bai samu ba, ki sayi babbar roba ɗaya ta shamfu mai rajista ku raba a gida. Kada ki ƙara ruwa a cikin robar don ya yi auki, yana raunana sinadarin da ke hana shi lalacewa. Ki tsiyayi na wanki ɗaya a kofi ki sirka a can. Shamfun da ake ɗurawa a robobin ruwa ana sayarwa babu suna babu lamba, ban ba ki shawarar sa ba, ba a san abin da ke ciki ba.

Abin santsi kuwa ba sai kin sayi kwandishina ba, karkashi na nan. Shi ne dai wanda ake miya da shi, shi ne kuma wanda ake tallatawa a intanet da sunan ambunu na Chadi a ninka kuɗinsa. Busasshen ganye cokali 2 babba, ruwan zafi kofi 2, ba mai tafasa ba. Ki rufe minti 15 zuwa 20, ki juya har yauƙin ya fito, ki tace da tsumma kina matsewa. Tacewar nan kada ki yi mata ganganci, in ɓurɓushin ganye ya shiga gashi mai cika sai an kwana biyu ana tsince shi. Ki shafa a jiƙaƙƙen gashi kashi-kashi, ki warware da yatsu, sannan mataji mai faɗin haƙori, daga baki zuwa tushe. Bayan tsifa, kafin ruwa ya taɓa kan, ki fara zare gashin da ya zube ya maƙale a tushen kitso. In kika jiƙa shi a haka zai dunƙule. Ganyen da ya rage a tsumma ki zuba a gindin shuka.

Abu biyu game da karkashi. Yana ɗan wanke ƙura da gumi, amma ba ya fitar da mai mai nauyi, don haka ba zai maye gurbin abin wanki ba ga mai shafa man kaɗanya. Garin ganyen magarya ya fi shi wanki, yana ɗan kumfa: cokali 3 a dama da ruwan ɗumi kamar kunu mai kauri, a bar shi minti 10 a kai. Na biyu, duk abin da kika haɗa da ruwa a gida ba shi da maganin lalacewa. A zafin Afrilu kwana ɗaya ya isa ya yi tsami, a firij kwana uku. Ki haɗa na ranar kawai. Haka ruwan hulba da ruwan shinkafa da ake cika roba da su a ajiye sati biyu ana fesawa: ƙaiƙayi da ƙuraje ne ke biyo baya.

Mai guda ɗaya, na ce. Man kaɗanya ya isa. A ƙasarmu ake yin sa, Neja da Kwara da Kebbi suna cikin wuraren da ya fi yawa, ana auna miki a mazubinki. Itacen kaɗanya yakan kai shekara 15 ko fiye kafin ya fara 'ya'ya, kuma masu gawayi suna son sa, don haka sayen man daga hannun matan da ke yin sa yana ba itacen darajar da za ta sa a bar shi a tsaye. Mai kyau yana narkewa a tafin hannu ba tare da ya bar gari ba, yana da ƙamshin ƙwara da ɗan hayaƙi. In yana warin tsohon mai, ya lalace. Don ya yi laushi, ki ɗora kwanon a kan ruwan zafi, ba a kan wuta ba, kashi 3 na kaɗanya da kashi 1 na man riɗi ko man kwakwa. Ki sanyaya shi da sauri kina bugawa, don in ya huce a hankali yakan yi tsaki-tsaki. A gwangwani mai murfi, nesa da rana, ba a sa jiƙaƙƙen hannu, zai kai shekara. Mai ba ya jiƙa gashi, riƙe danshi yake yi. A shafa shi a kan gashi mai ɗan laima, kamar ƙwayar gyaɗa a kowane kashi, a fi ba bakin gashin. A hunturu a ƙara, a damina a rage.

Garin cebe, wato haɗin gashi na matan Chadi, in kina so, a tsawon gashi ake sa shi ba a fatar kai ba. Ba ya tsirar da gashi, karyewa yake ragewa, kuma yana cin ruwa sosai wajen wankewa. Lalle na gaskiya ja yake rinawa. Wanda ke baƙi ƙirin cikin minti kaɗan yawanci an sa masa sinadarin PPD, yana iya kumbura fuska da fatar kai.

Akwai inda kayan gargajiya ba sa aiki. Amosani mai kauri da ƙaiƙayi wani naman gwari ne ke haddasa shi, kuma da mai yake rayuwa, don haka labta man zaitun a fatar kai ƙara masa abinci ne. A nan ki sayi shamfun ketoconazole a kemis, sau 2 a sati na sati 2 zuwa 4, ki bar shi minti 5 kafin ɗauraya, roba ɗaya ba ita za ta cika bola ba. Makero a kan yaro kuwa maganin sha yake buƙata, a kai shi asibiti.

In shamfu da man da kike amfani da su yanzu suna da dimethicone, wani nau'in silikon da ke lulluɓe gashi, ki yi wanki na ƙarshe da shamfun da kika saba kafin ki koma sabulun salo ko magarya, don su ba sa iya cire shi sosai. Sannan ki canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, ki ba shi wanki uku, wato kusan sati shida a tsarin kitsonki, ta haka in wani abu bai karɓe ki ba za ki san wanne ne. Ki fara da karkashin a tsifa mai zuwa, shi ya fi arha, kuma tun a wankin farko za ki gani a mataji ko karyewar ta ragu.