Kalmar "govern" a takardar kwantiragi

Tambaya: Malam, ni direba ne a Jidda. A ɓangaren Turanci na kwantiragina an rubuta "governed by Saudi Labor Law". Na ɗauka "govern" mulki ne, to me ya haɗa mulki da kwantiragi? Kuma ina bambancinsa da "rule"?

Amsa: Ɗan'uwa, ba ka yi kuskure ba, sai dai ma'ana ɗaya ka riƙe. Asalin kalmar daga Girkanci ne, inda take nufin tuƙa jirgin ruwa, ta biyo ta Latin da Faransanci ta shigo Turanci. Kai da kake riƙe da sitiyari za ka fi kowa ganewa: "govern" shi ne saita abu a kan hanya bisa ƙa'ida. Don haka ba mutum kaɗai ke yin sa ba, doka ma tana yi. Jimlar takardarka cewa take, in saɓani ya taso tsakaninka da kafil, wato wanda ya ɗauke ka aiki, dokar ƙwadago ta Saudiyya za a duba, ba ta Najeriya ko Nijar ba. Wanda ya yi nahawun Larabci ya san harafin jarri, irin su "fi" da "min", yana aiki a kan sunan da ya biyo shi. Wannan aikin ma "govern" Turawa ke ce masa.

Shi "rule" ya fi karkata ga iko a hannun mutum ɗaya ko gida ɗaya. Sarki Abdul'aziz ya mulki masarautar Saudiyya daga 1932 zuwa 1953, a nan "ruled" ya fi zama daram. Shi ne kuma ake amfani da shi in alƙali ya yanke hukunci. Akwai na uku, "reign", zama kan karaga ko da ba kai ke tafiyar da gwamnati ba, kamar Sarauniya Elizabeth ta biyu a Ingila daga 1952 zuwa 2022.

Inda mutanenmu da ke Saudiyya ke tuntuɓe shi ne Larabci. "Hakama" ta haɗa mulki da hukunci, sai mutum ya ɗauko "hakama ala" ya ce "govern on". Ba a faɗin haka. Abin da ake mulka kai tsaye yake biyo "govern", babu "on", babu "over". "Rule" ne ke karɓar "over" in an so. Wajen furuci kuwa, ka ce "gavan", ka danna gaɓar farko.