Likita ya buga wa Baba guduma a agara, ƙafar ba ta motsa ba

Tambaya: Likita, mahaifina yana da shekara 62, ya daɗe da ciwon suga. A wani asibiti a nan Jos an buga masa 'yar guduma a gwiwa, ƙafar ta harba, amma da aka buga a agara shiru, duka ƙafafun biyu. Likitan ya yi rubutu bai ce komai ba. Shanyewa ce ke tafe?

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika gani ba alamar shanyewar ɓarin jiki ba ne.

Idan gudumar ta sauka a kan jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, tsokar cinya takan miƙe kaɗan ba zato. A cikin tsokar akwai ƙananan zaruruwa masu jin miƙewa, su ne ke aika saƙo zuwa laka, ita kuma ta maido da umarni nan take tsokar ta tsuke. Sai ƙafa ta harba ƙwaƙwalwa take samun labari. Tun 1875 wasu likitocin Jamus biyu, Erb da Westphal, suka bayyana wannan gwaji, kuma har gobe babu na'urar da ta kore shi daga ɗakin likita.

Kowace gaɓa da mashigarta a laka, kuma likitoci na kiran mashigan da lambobin ƙasusuwan baya: gwiwa L3 da L4, agara S1. Makin da ake ba ƙarfin harbin daga 0 ne zuwa 4, kuma 2 shi ne daidai. Amma ni makin bai dame ni ba kamar bambancin dama da hagu, don akwai masu lafiya garau da ƙafarsu da ƙyar take motsi.

Ƙwaƙwalwa ce ke riƙe da linzamin wannan harbin. In ta samu matsala, ko lakar ta sama, linzamin ya kuɓuce, sai harbin ya wuce kima. Abin da ake gani ke nan a ɓarin da ya shanye bayan an kwana biyu, kuma in aka karci tafin ƙafar sai babban yatsa ya ɗaga sama, alamar da Babinski ya bayyana a 1896. Na Baba akasin haka ne. Harbi ya ɓace idan hanyar saƙon ce ta lalace, kuma suga yakan fara cin jijiyoyin da suka fi tsawo, wato masu kaiwa yatsun ƙafa. Shi ya sa agara ke yin shiru gwiwa na nan da ranta. Tsufa ma kan rage shi, haka ƙarancin bitamin B12, wanda yakan samu wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metformin. Da a ƙafa ɗaya ne, ga ciwon baya mai sauka har dunduniya, da sai mu zargi faifan ƙashin baya da danne jijiya.

Wani lokacin ma ɗar-ɗar ne kawai. Dattijo ya shigo da sanyin safiyar Jos, ya sandare a kan gado yana kallon guduma, ina ƙafa za ta motsa? Sai mu ce ya saƙala yatsun hannayensa ya ja da ƙarfi, ko ya cije haƙora, mu sake bugawa.

In kun koma, ki roƙi a gwada jin tafin ƙafarsa, a auna HbA1c (gwajin jini mai nuna matsakaicin suga na watannin baya) da B12. Ki tambaye shi ko yana jin zafi kamar barkono a ƙafa da dare, ko silifas na zamewa bai sani ba. Abin tsoron a nan gyambo ne: ƙafar da ba ta ji, ƙusa na iya shiga ta kwana. A riƙa duba tsakanin yatsunsa kullum bayan alwala, a tsane su da kyau, ya daina yawo ba takalmi, ruwan wanka kuma wani ya taɓa masa tukuna, kada kuma ya miƙa ƙafa kusa da garwashi. Amma in kasala ta fara daga ƙafafu tana hawa sama cikin 'yan kwanaki, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko baki ya karkace, a kai shi sashen gaggawa a ranar.