Abin da Mawaƙan Zamanin Da Suke Yi Idan Murya Ta Dishe

Assalamu alaikum. Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da mahaifiyarka da ƙannenka, na saurari saƙon da ka turo mini ta waya, kuma tun kafin ka kai ga tambayarka kunnena ya riga ya gaya mini abin da ke damunka. Ka ce ka yi darare huɗu a jere kana waƙa a gidajen biki cikin wannan hunturun, ka wayi gari maƙogwaro yana zafi murya kuma ta dishe, abokanka sun kawo maka shawarwari iri-iri, wannan ya ce ɗanyen ƙwai da zuma, wancan ya ce jar kanwa, wani ya ce ka je wanzami ya cire maka belu, wani ma ya rantse cewa hannu aka sa maka. Kana so ka san abin da mawaƙan zamanin da suke yi. Kafin komai, daga yau ka riƙa rubuto mini saƙo da hannu, domin mutumin da muryarsa ta tafi ba shi da dalilin yin maganar minti shida a waya, ko da kawunsa yake yi wa.

Ka san na yi shekara goma sha huɗu ina amshi a bayan wani makaɗin kotso kafin na koma kasuwanci, kuma a cikin waɗannan shekarun na ga muryoyi sun tafi sun dawo, na ga waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Tawa ta taɓa ɗaukewa ɗungurungum bayan wani naɗin sarauta da muka yi kwana uku muna kiɗa a fili, ga sanyi ga ƙurar dawaki. Na tabbata a raina cewa 'yan amshin wani makaɗi ne suka jefe ni, saboda mun sha gabansu a wurin, don haka maigidanmu ya kai ni wajen wani malami da ya yarda da shi. Malamin ya ba ni rubutu in sha da zuma, sannan ya gindaya mini sharaɗi cewa kada in yi magana da kowa har kwana bakwai, in ban da abin da salla ta wajabta, kuma idan na karya sharaɗin to maganin ya karye. Tsoro ya sa na kiyaye. A rana ta shida na yi gyaran murya na ji ta fito tas. Na daɗe ina ba da labarin ƙarfin rubutun nan, sai da girma ya zo na gane cewa dattijon ya san abin da yake yi, ya san matashi ba zai yi shirun mako guda don an ce masa hutu ne ba, amma zai yi idan aka ce masa sharaɗi ne. Ban raina addu'arsa ba, Allah Ya jiƙansa, sai dai ina ganin rabin hikimarsa a cikin shirun take.

Domin ka fahimci dalili, ka tuna da ragon layya. Idan aka yanka shi za ka ga hanyoyi biyu ne a wuyansa, akwai maƙogwaro mai gurunguntsi wanda iska take bi, akwai kuma hanya mai laushi a bayansa wadda abinci yake bi. Haka wuyan ɗan Adam yake. Murya tana fitowa ne daga wasu 'yan tantani biyu da ke saman hanyar iska, daidai bayan zakaran wuya, waɗanda malaman Hausa na makaranta suke kira tantanin maƙwallato, kuma idan namiji yana magana suna karkarwa suna bugun juna fiye da sau 100 a cikin daƙiƙa ɗaya, na mace kuwa kusan ninki biyu. Wanda ya kwana huɗu yana ɗaga murya ya sa sun kumbura ne, kamar yadda tafin hannun manomi yake yi ranar farko ta noma, kuma idan sun kumbura ba sa haɗuwa daidai, sai iska ta riƙa zurarewa murya ta fito a dishe. Abin lura shi ne duk abin da ka haɗiye ta ɗaya hanyar yake wucewa, ba ya taɓa tantanin nan ko kaɗan, domin da ɗigon ruwa ɗaya zai kai wurin da ka ƙware ka yi ta tari har hawaye su zubo. Saboda haka wanda ya ce maka zuma ko man shanu suna shafe wurin da murya take fitowa, bai duba wuyan rago da kyau ba.

Wannan ba ya nufin abubuwan da muke sha ba su da amfani. Suna da shi, amma a kan zafin maƙoshi da tari da bushewar baki amfaninsu yake, kuma mutumin da tari ya lafa masa ya daina wahalar da tantaninsa. Abin da maigidanmu ba ya tafiya sai da shi a jaka shi ne citta da kanumfari da masoro da kimba. Ana ɗan daddaka citta, a jefa ƙwayar kanumfari uku ko huɗu, a tafasa, a sauke, a bari ya huce har ya zama za ka iya riƙe kofin ba tare da ka canja hannu ba, sannan a zuba zuma cokali ɗaya a matsa lemun tsami kaɗan. Ana kurɓa ne a hankali, ba a kwankwaɗa. Ni dai a yanzu nakan rage masoro da kimba idan maƙoshi yana raɗaɗi, domin yajinsu yana ƙara fami, lemun tsamin ma idan ya yi yawa haka. Kanumfari kuwa yana da wata ɗabi'a da ya kamata ka sani, wato yana kashe zafi na ɗan lokaci, shi ya sa ake danna shi a haƙori mai ciwo. Haɗarinsa ga mawaƙi shi ne ya tsotsa, ya ji zafin ya tafi, ya ɗauka ya warke, ya hau fage ya ƙara yi wa kansa rauni bai sani ba. Alewar nan mai sanyaya maƙoshi da kuke saya a shago ita ma wannan yaudarar take yi. Ka sha su idan za ka kwanta, kada ka sha su don ka samu ƙarfin halin yin waƙa.

Namijin goro shi ne abokin maroƙa da sanƙirori da ladanai, kuma ba na hana ka shi, ɗacinsa yana tsinko yawu ya jiƙa baki, ɓari ɗaya ya isa. Tsofaffi mata masu guɗa sukan tsotsi ƙaro saboda wannan dalilin. Bagaruwa, wadda majema suke jima da ita, ana jiƙa 'ya'yanta a kurkure maƙoshi idan ya kumbura a tofar, ba a haɗiyewa, kuma ba a yawaita ta, domin abin da yake tsuke fata yana busar da baki. Wanda ya fi ta sauƙi shi ne rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a ɗaga kai a kurkura sau uku ko huɗu a yini.

Ɗanyen ƙwai na sha shi ba adadi, ban ga abin da ya ƙara mini ba sai tashin zuciya, kuma yana iya jawo gudawa da zazzaɓi. Ka dafa abinka ka ci. Kanwa kuma ka bar ta a miyar kuka da kunu, kada ka mayar da ita abin sha, musamman da yake hawan jini yana bin danginmu.

Akwai abu biyu da suke kaiwa ga tantanin da gaske. Na farko tururi ne, domin shi hanyar iska yake bi. Sirace da kakarka take sa ku yi idan mura ta kama ku shi ne maganin da ya fi kusa da wurin ciwon: ka zuba ruwan zafi a roba mai faɗi, ka lulluɓa da zane, ka shaƙa ta hanci da baki kamar minti goma, safe da dare. Ruwan zalla ya wadatar, ba sai ka zuba man zafi a ciki ba, kuma ka ajiye robar a ƙasa inda ba za ta kife maka a cinya ba. Na biyu ruwan sha ne, wanda yake bi ta jini ya jiƙa tantanin daga ciki, shi ya sa ruwan da ka sha da rana shi yake yi maka aiki da dare. A hunturu mutum ba ya jin ƙishirwa alhali iska tana tsotse shi, don haka ka lizimci kamar lita biyu a yini, wato ledar ruwa huɗu zuwa biyar, kana kurɓa kaɗan-kaɗan. Mu a da an hana mu ruwan randa mai sanyi bayan waƙa, kuma har yau ban saba da shi ba, amma na lura rashin shan ruwan ya fi sanyinsa illa. Ka kuma dubi amawalin rawani da manya suke rufe baki da shi: ban da kwarjini, yana tare ƙura yana ɗumama numfashi, kuma maigidanmu ba ya hawa bayan mota a hunturu sai ya ja shi har hanci. Kai da kake yawo a babur cikin hazon Kano, ka sa takunkumi ko ka naɗa mayafi, ka kuma nisanci hayaƙin janareta da na shisha a wuraren bikin.

Shirun da nake nufi yana da ƙa'ida. Raɗa ba shiru ba ce, tana takura maƙogwaro fiye da magana a hankali, don haka idan ya zama dole ka yi magana, ka yi ta da muryarka ta yau da kullum a taƙaice. Yawan kaki da gyaran murya shi ma buga tantanin ne da juna, idan ka ji abu ya tsaya maka ka kurɓi ruwa ka haɗiye. Sannan ka daina cin tsire da yaji da shayi mai kauri ƙarfe biyun dare ka faɗa gado, domin ƙwannafi yana hauhawa har maƙogwaro mutum yana barci ya ƙona shi, ka bar kamar awa uku tsakanin cin abinci da kwanciya. Wani abin da zamaninku ya rasa shi ne amshi. Mutane suna ɗauka 'yan amshi ado ne, alhali duk lokacin da muka karɓi waƙa maigida yana numfasawa yana haɗiyar yawu, shi ya sa yake iya kaiwa asuba. Kai kuwa kai kaɗai ne a kan kiɗan da na'ura take saki ba ta gajiya, kana ƙoƙarin ka rinjayi lasifika da maƙogwaronka. Ka sa a rage kiɗan a ɗaga makirufo, ka nemi yaro ko biyu masu karɓa maka.

Maganar belu kuwa, ban yarda ba, kuma na gaya wa mahaifiyarka. Belu yana can sama a ƙarshen ganɗa, tantanin murya yana ƙasa, babu abin da yanke wannan zai gyara a wancan. Ina da abokin amshi da aka cire wa a wani ƙauye muna tsakiyar tafiya, ya kwana yana zubar da jini, ya yi mako biyu ba ya iya haɗiye tuwo, muryar kuma ba ta dawo ba sai da ya huta dole saboda jinyar yankan. Ga kuma haɗarin ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi, wanda yake iya ɗauko ciwon hanta ko abin da ya fi shi. Haka nan kada ka je kemis a haɗa maka ƙwayoyi ko a yi maka allurar buɗe murya, domin irin waɗannan suna danne kumburi ne su ba ka damar ɓarnar da ba za ka ji ba sai daga baya. Maganin tari mai kodin kuwa, wanda gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018, ka san gidajen da ya rusa a unguwarku, ba sai na faɗa ba.

Game da sammu, ba zan ce maka babu hassada a wannan sana'a ba, na zauna a cikinta na gani, kuma maigidanmu bai taɓa cin goron da bai san hannun da ya fito ba. Ka riƙe azkar ɗinka na safe da yamma. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma mutumin da ya yi darare huɗu yana ihu cikin ƙura ba ya bukatar maƙiyi kafin muryarsa ta tafi. Kada ka zargi kowa, zargin yana ɓata zumuncin da za ka nema gobe.

Dishewa irin taka takan wuce cikin mako ɗaya zuwa biyu idan an huta. Idan ta haura mako uku, ko ka ga jini a kaki, ko haɗiya ta gagara, ko wani ƙullutu ya fito a wuya, to ka tafi wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, suna da 'yar na'urar da suke leƙa tantanin da ita su gani da ido. Idan numfashi ne ya fara wuya, wannan ba a kwana da shi. Mai yawan tilasta murya yakan samu wani ɗan kanta a kan tantanin, irin wanda fartanya take yi wa hannu, kuma idan ya daɗe ba ya jin citta ba ya jin zuma.

Saura bikin ranar Asabar da ka ce ka riga ka karɓi kuɗinsa. Ka rubuta wa masu bikin yau, tun suna da lokacin neman wani, ka mayar musu da abin da suka ba ka ko ka tura abokinka ya tsaya maka, idan kuɗin ya riga ya shiga wani wuri ka sanar da ni in cika. Na ba direban da yake zuwa Kano ranar Laraba kwalbar zuma da ƙullin citta ya kai wa mahaifiyarka, ka aika ƙaninka ya karɓo a tasha, kai ka zauna a gida. Ka gaishe ta, ka gaida yaran.

Kawunka.